Ɗakin Kaɗaici: Tsokaci a Kan Haƙƙin Baƙon da Aka Tsare

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce mun je gida Udubo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, domin gaida iyaye da 'yan uwa kamar yadda aka saba. A wata majalisa da ake zama bayan sallar isha'i muka tarar da wani saurayi da muka sani tun yana ɗan makarantar allo, yaro mai surutu da barkwanci, wanda a da in ya buɗe baki sai an roƙe shi ya yi shiru. Shekara uku da suka wuce ya sayar da bijiminsa ya tafi neman kuɗi wata ƙasa ta ƙetare. Can bizarsa ta ƙare, aka kama shi, aka tsare shi na wasu watanni, daga bisani aka ɗora shi a jirgi aka dawo da shi. A ido lafiyarsa ƙalau, ba tabo ba karaya. Amma can gefen tabarma ya zauna, ya jingina bayansa da bango, kuma duk lokacin da aka tuntsire da dariya sai ya zabura kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

Da aka watse muka ja shi gefe muka tambaye shi ko dukansa aka yi a can. Sai ya ce, "Wallahi Malam, ko yatsa ba wanda ya ɗaga mini. Da dukan ma aka yi da ya fi mini sauƙi, don mai dukanka ai ya san kana nan." Ashe gardama ce ta haɗa shi da wani a kan bargo, aka ware shi aka kulle a wani ɗan ɗaki shi kaɗai, ana turo masa abinci ta wata kafa a jikin ƙofa. Ya ce da salloli ya riƙa ƙirga kwanaki har ya kai 19, daga nan lissafi ya kwance masa, domin fitilar ɗakin ba ta mutuwa, ba ya iya bambance azahar da asuba.

Wannan magana tasa ita ce silar wannan maƙala. Tambayar da muke son mu yi tsokaci a kanta ita ce: shin ya dace hukuma ta kulle mutum shi kaɗai, alhali laifinsa bai wuce na takarda ba? In kuwa akwai lokacin da hakan ya zama tilas, ina iyakarsa, kuma wa zai tsare iyakar?

Mene Ne Ɗakin Kaɗaici?

A ranar 17 ga Disamba, 2015, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wasu ƙa'idoji na kula da waɗanda ke tsare, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku. Ƙa'ida ta 44 ta bayyana tsarewar kaɗaici da cewa ita ce a killace mutum na sa'a 22 ko fiye a rana ba tare da wata cuɗanya mai ma'ana da ɗan Adam ba. In abin ya haura kwana 15 a jere, ya zama doguwar tsarewa, kuma ƙa'ida ta 43 ta haramta ta, tare da haramta wadda ba a yanka mata wa'adi ba. Mai karatu ya lura da kalmar "mai ma'ana". Hannun da ke turo kwano ta ƙofa hannun mutum ne, amma ba ya gaisuwa, ba ya amsa ta.

Abin mamaki, waɗanda suka fara gina kurkuku a kan wannan tsari da kyakkyawar niyya suka yi. A shekarar 1829 aka buɗe wani babban gidan yari a birnin Filadelfiya ta Amurka, inda kowane fursuna ke da ɗakinsa shi kaɗai, bisa tunanin cewa shiru zai sa mai laifi ya yi nadama ya tuba. Marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya ziyarci gidan a 1842, ya fito yana mai ganin cewa wannan wasa da ƙwaƙwalwar mutum ya fi azabtar da jiki muni, domin rauninsa ba ya fitowa fili balle a gani a tausaya. A 1983 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Stuart Grassian ya wallafa sakamakon binciken da ya yi wa fursunonin da aka killace a gidan yarin Walpole, a jihar Masacusets. Ya samu suna fama da firgita, da jin muryoyin da babu su, da kasa tattara hankali, da rashin jure ko da ƙaramin motsi. Wato dai irin zaburar da muka gani a kan tabarmar Udubo.

Mu ɗaliban adabi ma muna da shaida a gida. An tsare Wole Soyinka daga 1967 zuwa 1969, lokacin yaƙin basasa, kuma ya yi dogon zama shi kaɗai a gidan yarin Kaduna. Littafinsa The Man Died, wanda ya fito a 1972, labarin yadda ya yi ta kokawa ne da hankalinsa don kada ya kufce masa, har yana rubutu a tsakanin layukan littattafai da kan takardar bayan gida. Wannan fa mutum ne mai ilimi, wanda kansa ke cike da littattafan da zai yi hira da su, kuma duniya ta san inda yake. To ina ga ɗan ci-rani wanda ba ya jin harshen mai gadinsa, kuma uwarsa ba ta ma san a wace ƙasa yake ba?

Baƙo Ba Fursuna Ba Ne

A nan ne ya kamata mu bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Fursuna mutum ne da aka gurfanar gaban alƙali, aka saurari shaidu, aka yanke masa hukunci, ya kuma san ranar fitarsa. Shi kuwa wanda jami'an shige da fice suka tsare, a yawancin ƙasashe ba hukunci yake yi ba. Ajiye shi aka yi kafin a tantance takardunsa, ko a saurari roƙonsa na neman mafaka, ko a samu jirgin da zai mayar da shi gida. A bisa doka jira yake yi, kamar fasinja a tasha. Idan aka ɗauki mai jira aka sa shi a ɗakin da ko a gidan yari sai mafi taurin kai ake kaiwa, to an yi masa horo mafi tsanani ba tare da shari'a ba, kuma wanda ya kawo ƙara shi ne alƙali, shi ne kuma Yari.

Ƙasar da aka fi samun alƙaluman wannan al'amari a rubuce ita ce Amurka. A watan Fabrairu na 2024 ƙungiyar likitoci masu kare haƙƙin ɗan Adam, tare da masana daga Jami'ar Harvard, suka fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2018 da 2023 an sa baƙin da ke tsare a ɗakin kaɗaici fiye da sau 14,000, kuma a matsakaicin lissafi kowane zama ya kai kwana 27, wato kusan ninki biyu na iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gindaya. Kafin nan, a watan Mayu na 2017, wani matashi ɗan asalin ƙasar Panama mai fama da taɓin hankali ya kashe kansa a wurin tsare baƙi na Stewart, a jihar Jojiya, bayan kwana 19 shi kaɗai.

Kada mu ɗauka cewa wannan labarin nesa ne. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja neman goro, sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa zuwa aikin hajji, wasu suka yada zango a Sudan har yau zuriyarsu na can. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan wannan jiha tamu, ya gina Shaihu Umar a kan uwar da ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta. Abin da ya sauya a yau shi ne an ja layi a kan hanyoyin nan, an kafa shingaye. A watan Satumba na 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jiragen Jidda da Madina bisa dalilin rashin muharrami, har aka dawo da wasunsu. Kalmar "tarhil" kuwa ta daɗe da shiga bakin mutanenmu. A arewacin Nijar, motocin Aljeriya sun sha sauke baƙin da aka kora a cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 kafin su isa Assamaka. A wasu wuraren cunkoso ne azabar, a wasu ƙishirwa, a wasu kuma kaɗaici. Amma tushensu ɗaya ne: an ɗauka cewa wanda ba shi da takarda ba shi da mai tambaya.

Takardar kuwa aba ce mai rauni. A watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka tsallakar da shi zuwa Chadi da sunan cewa baƙo ne. Sai da Babbar Kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da zamansa ɗan Nijeriya. Idan sa hannun minista ɗaya zai iya mayar da ɗan majalisa baƙo a dare ɗaya, to babu wanda ya isa ya ce dokar tsare baƙi ba ta shafe shi ba.

Abin da Addini da Al'ada Suka Koyar

Hausawa na cewa mutum rahama ne. Wannan ba daɗin baki ba ne kawai, bayani ne na yadda aka halicce mu. Da gaisuwa muke sanin gari ya waye, da amsar wani muke tabbatar da cewa abin da muka ji shi ne abin da aka faɗa. Hankali kamar wuƙa yake, sai da abin wasawa, kuma abin wasa shi shi ne hankalin wani.

Tarihin Musulunci ya ba mu misali biyu da suka dace da wannan batu. Na farko shi ne na Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba tare da uzuri ba. Ba a ɗaure su ba, ba a kulle su ba. Umarni kawai aka bayar cewa kada kowa ya yi musu magana. Ka'abu yana zuwa kasuwa, yana sallah a cikin jama'a, yana kwana a gidansa, amma duk da haka aya ta 118 ta Suratut Tauba ta siffanta halinsu da cewa ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci, rayukansu ma suka ƙuntata. Bayan kwana 50 aka karɓi tubarsu. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun amsa laifinsu da bakinsu, suna ganin rana da fuskokin mutane, amma janye magana kaɗai ya isa ya zama horon da Alƙur'ani ya ambata. Ina ga wanda aka haɗa masa shiru da bango huɗu?

Misali na biyu shi ne na Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, wanda aka kamo yana abokin gaba. A jikin ginshiƙin masallacin Madina aka ɗaure shi, inda jama'a ke shiga da fita sau biyar a rana, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yake zuwa kowace rana ya tambaye shi abin da ke ransa. A rana ta uku aka sake shi. An tsare jikinsa saboda tsaro, amma ba a cire shi daga cikin mutane ba, kuma shugaba mafi girma shi ne mai leƙa shi.

Wani zai ce ai malamanmu na Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna shiga halwa, wasu har kwana 40, su fito da haske. Gaskiya ne, amma mai halwa da ƙafarsa ya shiga, ya san ranar fita, yana da shehin da ke lura da shi, kuma sakatar ƙofar tana ta cikin ɗaki. Duk da haka malaman tarbiyya sun yi gargaɗi kada almajiri ya shiga halwa ba da izini da kulawar shehi ba, saboda sanin abin da kaɗaici ke yi wa hankali. Haka ma mai takaba da mai jego, al'ada ta killace su, amma ta yanka wa'adi, ta kuma wajabta wa dangi da maƙwabta su riƙa shiga gaisuwa. Duk inda al'adarmu ta keɓe mutum, sai ta haɗa keɓewar da abu biyu: adadin kwanaki da kuma mai leƙowa.

Hujjar Masu Tsaro

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin mai gadin da ke kwana da mutum ɗari a ɗaki guda ya san abin da mu masu alli ba mu sani ba. Zai ce: idan wani ya fasa kan ɗan uwansa da dare, ina zan kai shi? Idan wani ya zo da tarin fuka ko wata cuta mai yaɗuwa, in bar shi cikin jama'a? Idan wani ya roƙe ni in ware shi saboda ana barazana ga ransa, in ƙi? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma wanda ya ce kada a taɓa ware kowa ko da na sa'a ɗaya bai taɓa riƙe makulli ba.

Sai dai in muka duba da kyau, kowace daga cikin hujjojin nan uku dalili ce ta rabawa, ba ta kaɗaitawa ba. Mai faɗa ana raba shi da abokin faɗansa har zuciya ta huce, kuma zuciya ba ta buƙatar wata guda kafin ta huce. Mara lafiya wurinsa asibiti, inda ma'aikacin jinya zai yi masa sannu. Wanda ke tsoron wasu kuwa ana iya haɗa shi da waɗanda ba ya tsoro. In aka kulle shi shi kaɗai, an hukunta wanda aka zalunta ke nan. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ɗakin kaɗaici yana da sauƙi ga ma'aikaci. Ba ya buƙatar tafinta, ba ya buƙatar likita, ba ya buƙatar haƙuri. Abu mai sauƙi kuwa, in ba a yi masa shinge ba, yakan tashi daga matakin ƙarshe ya koma matakin farko, har ya zama maganin mai yawan ƙorafi da mai yajin cin abinci da wanda ya kasa fahimtar umarni saboda bambancin harshe.

Ina Iyakar?

A ganinmu iyakar tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta karye sauran ba za su tsaya ba. Ta farko ita ce adadi. Kwana 15 na ƙa'idojin Mandela an tsara shi ne har da waɗanda kotu ta samu da laifi, saboda haka ga baƙon da ke jira kamata ya yi a yi lissafi da sa'o'i, in ya yi yawa kwana biyu ko uku. Ta biyu ita ce rubutaccen dalili, a karanta wa mutum cikin harshen da yake ji, a kuma gaya masa ranar fitarsa, domin rashin sanin ƙarshe shi ne rabin azabar. Ta uku ita ce idon waje: likita ya gan shi kullum, kuma ikon tsawaita zaman ya kasance a hannun alƙali ko wani wanda ba ya ƙarƙashin mai gidan. Ta huɗu ita ce a fitar da wasu rukunin mutane gaba ɗaya, wato yara, da mata masu ciki ko shayarwa, da masu taɓin hankali.

Ko shakka babu, rubuta doka daban, bin ta daban. Dokokin wuraren tsare baƙi na Ingila na 2001 sun ce ba za a ware mutum fiye da sa'a 24 ba sai da izinin ofishin minista, amma kwamitin da ya binciki wurin tsare baƙi na Brook House, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Satumba na 2023, ya samu an yi ta amfani da wannan iko ba bisa ƙa'ida ba. A Kalifoniya kuwa majalisa ta zartar da dokar taƙaita tsarewar kaɗaici a 2022, wadda za ta shafi har wuraren tsare baƙi na 'yan kasuwa, gwamna ya ƙi sa mata hannu. Wannan ya sa wasu ke cewa sa iyaka halatta abin ne, gara a nemi soke shi ɗungurum. Muna girmama wannan ra'ayi, amma ba mu bi shi ba. Wanda ke cikin ɗakin a daren yau ba zai iya jiran ranar da duniya za ta gyaru ba. Adadi abu ne da lauya zai iya riƙewa, uwa za ta iya ƙirgawa, ma'aikaci mai tsoron Allah zai iya nuna wa na sama da shi ya ce wa'adi ya cika. In babu adadi, sai dai a dogara da halin mai makulli, shi kuwa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Mu da Namu Baƙin

Ba zai yi kyau mu nuna wa wasu yatsa mu manta da sauran yatsun da ke kallonmu ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Muka yi kuka, muka ce an ci amanar zumunci. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan umarni, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, alhali tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar walwalar zirga-zirga. Wanda aka kora jiya shi ne mai kora yau.

Dokokinmu a rubuce ba su da laifi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe 'yancin zirga-zirga ga ɗan ƙasa, amma sashe na 34, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kowane mutum ya ambata, bai tambayi fasfo ba. A 2017 kuma aka kafa dokar hana azabtarwa. Abin da ya rage shi ne mu riƙa tambaya: Banijare ko Bacade ko ɗan Kamaru da aka kama a kan iyaka, a ina yake kwana, kwana nawa, wa ya gan shi? Kakanninmu suna da fatoma da sarkin zango, waɗanda aikinsu shi ne su san baƙo da sunansa, su tsaya masa in ya shiga matsala. Hukuma ta karɓi aikin tantance baƙo daga hannunsu, to ya kamata ta karɓa har da nauyin da ke tare da shi.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kulle mutum shi kaɗai horo ne mai tsanani ko da ba a taɓa jikinsa ba, kuma baƙon da ke jiran takarda bai ci a yi masa horon da alƙali bai yanke ba. Ƙasa tana da ikon ta ce wa baƙo ya koma gida. Amma wajibi ne ta mayar da shi yadda ta same shi, da hankalinsa da harshensa, domin amana ce ta riƙe.

Kafin mu baro Udubo mun sake bi ta majalisar nan. Saurayin yana nan a gefen tabarmarsa, amma abokansa sun gane, sun daina tambayarsa labarin tafiya. Sai dai kullum in za a raba shayi, shi suke miƙa wa buta ya zuba, don dole kowa ya kira sunansa, shi kuma ya amsa. Mahaifiyarsa ta ce mana ya fara kwana da ƙofa a rufe, abin da ya kasa yi tun dawowarsa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kuɓutar da na tsare a duk inda suke, Ya kuma sa mu zama masu leƙa wanda aka manta.